Idan Injin Kwale-kwale Ya Sha Ruwa

Hausawa kan yi wa ruwa kirari da abokin aiki, amma a cikin inji abokin gaba ne. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, masunta da masu fito na Yauri da kewaye suke neman abinci a kan tafki mai faɗi, kuma da yawansu sun dogara ga injin da ake ɗaurawa a bayan kwale-kwale. Ran da igiyar ruwa ta kifar da jirgi, abin da mai shi ya yi cikin sa'o'in farko shi ne zai nuna ko jarinsa ya tsira.

Yawancin injunan nan masu bugu biyu ne, wato fistin ya hau sau ɗaya, ya sauka sau ɗaya, wuta ta kama. Ba su da ma'ajiyar baƙin mai irin ta mota, sai dai a gauraya man da fetur, galibi lita 1 cikin lita 50. Wannan haɗin yakan bi ta kafireta ya shiga akwatin da ke ƙarƙashin fistin, ya jiƙa boris, sannan ya haura sama ya ƙone. Ruwa ma hanyar da yake bi ke nan, ya kwanta a kan boris.

Haɗari na farko shi ne gaggawa. Iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Idan aka fizgi igiya alhali silinda cike take da ruwa, fistin zai yi karo da abin da ba ya ja da baya, sandar da ke riƙe da shi ta lanƙwashe.

Saboda haka sai a fara kwance fulogi, a nesanta wayoyinsu daga fetur. A juya injin ramukan fulogi su dubi ƙasa, a riƙa jan igiya a hankali har ruwa ya daina fita. In an ji tauri ko ƙarar yashi, a dakata, a kai wa bakanike ya buɗe. Daga nan a tsiyaye kafireta da tanki, domin ruwa ya fi fetur nauyi, a ƙasa yake taruwa. A zuba baƙin mai kaɗan ta ramukan, a sake juyawa, a busar da fulogi, a sa sabon haɗi. Idan ya tashi, a bar shi ya yi aiki kamar rabin sa'a da ƙafarsa cikin ruwa, zafi ya kori sauran laima.

Haɗari na biyu shi ne jinkiri, domin tsatsa kan soma cin boris cikin sa'o'i. Ita tsatsa sai da ruwa da iskar oksijin tare, kuma lita ɗaya ta iska tana ɗauke da oksijin kusan ninki 30 na abin da ke cikin lita ɗaya ta ruwa. Wannan ƙarancin ne ya sa kifi ba ya hutawa da tura ruwa ta matsatsarsa. Shi ne kuma dalilin da ya sa injin da ba za a samu gyara shi nan take ba, gara a nutsar da shi cikin gangar ruwa mai tsabta da a bar shi jiƙe a gaɓa.

Gurɓataccen fetur ɗin da aka tsiyaye kuwa, kada a zubar da shi a tafki. Guba ne ga ƙananan kifaye, kuma su ne kamun baɗi.