Harafin Kappa da Dangantakarsa da K na Kasuwar KM5

1.0 Gabatarwa

A Bangi, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, akwai unguwar da ake kira KM5 ko PK5, wato kilomita biyar daga tsakiyar gari. Nan ne babbar kasuwa da Babban Masallaci suke, kuma Hausawa 'yan kasuwa na cikin mazaunanta. Wannan takarda za ta bi diddigin harafin K na wannan suna, wanda ya samo asali daga kappa na Girkanci.

2.0 Asali da Ma'ana

Kappa shi ne harafi na 10 a jerin haruffan Girkanci. Girkawa sun aro shi daga Finikiyawa wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sunansa a wurin Finikiyawa kap, ma'ana tafin hannu, kuma har yanzu kaff na nufin haka a Larabci. Da yake kalmar Girkanci ba ta ƙarewa da baƙin p, sai aka ƙara masa wasalin a, kamar yadda al-ƙalam ta Larabci ta koma alƙalami a Hausa.

Daga wannan tushe ne kaf na Larabci ya fito, wanda almajirai ke kira kaulasan. Shi ya sa darajarsu a lissafi ta zo ɗaya: kappa 20, kaf na kalaman a abajada shi ma 20. Daga Girkanci harafin ya shiga Latin, ya kai ga Faransanci da Ingilishi da bokon Hausa.

3.0 Amfaninsa a Ingilishi

Ingilishi ya ari sunan ba tare da ma'anarsa ta asali ba, yana amfani da shi a matsayin lakabi. Misali:

(a) Phi Beta Kappa, ƙungiyar ɗalibai da aka kafa a Amurka a 1776.

(b) Ma'aunin kappa na Jacob Cohen, na 1960, mai gwada dacewar hukuncin masu tantancewa biyu.

(c) Kappa, sunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba wani nau'in ƙwayar cutar korona a 2021.

4.0 Inda Ake Tuntuɓe

Ganin K a farkon kilo yakan sa a zaci kalmar da kappa ta fara. Ba haka ba ne. Asalinta khilioi, wato dubu, kuma da wani harafi dabam mai suna khi ake rubuta ta a Girkanci. Faransawa ne suka sa mata K da suka kafa tsarin awo na mita a 1795.

5.0 Kammalawa

Tarihin harafi dabam, tarihin kalmar da aka rubuta da shi dabam. Wajibi ne ɗalibin nazarin asalin kalmomi ya binciki kowanne a kan kansa, domin kama da wane ba ta wane.