Matsalar fassara kalmar « sepsis » a Arlit

A ɗakin « réanimation », lokotoro da faransanci yake aiki, dangin majinyaci kuwa da hausa ko tamajak suke tambaya. Fassarar nan « gubar jini » tana da illa: a Arlit, inda ake haƙar uraniyom tun 1971, « guba » na iya tuno ƙurar ma'adini ko sammu. Alhali, bisa ma'anar 2016, martanin jiki ga ƙwayoyin cuta ne ke wuce kima har ya lalata ƙoda, huhu ko ƙwaƙwalwa. Saboda haka muna ganin gara a ambaci alamomi uku: numfashi 22 ko fiye a minti, tansiyo 10 ko ƙasa, ruɗewar hankali. Magani shi ne antibiyotik da ƙarin ruwa ba jinkiri.