Da Ɗan Gari A Kan Ci Gari: Cutar Kandida A Ɗakin Masu Ciwo Mai Tsanani

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Iyana Ipaja da sassafe ya san ƙamshin burodin Agege, wanda masu talla ke ɗauke da shi a kai suna ratsawa tsakanin motoci. Abin da ke sa wannan burodi ya tashi shi ne yisti, watau wata 'yar ƙaramar halitta mai rai wadda ido ba ya ganinta sai da madubin likita. To, shi wannan yisti mai amfani yana da wata 'yar'uwa da likitoci ke kira Kandida, wadda ta zame wa manyan asibitocin duniya ƙarfen ƙafa, musamman a ɗakin kulawa ta musamman, inda a ke kwantar da waɗanda ciwonsu ya tsananta.

Ita Kandida ba baƙuwa ba ce a jikin ɗan Adam. Tana zaune a baki da hanji da fatar mutane masu yawa waɗanda lafiyarsu ƙalau, ba ta kuwa cutar da su, domin garkuwar jiki da sauran ƙwayoyin halitta masu amfani sun taka mata burki. Iyakar ɓarnarta ga mai ƙarfin jiki ita ce farin abin nan mai kama da kindirmo da kan fito a harshen jarirai, ko ƙaiƙayin gaba da kan dami mata, kuma duka biyun suna jin magani. Amma Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ran da jiki ya raunana, ta sami hanyar faɗawa cikin jini, sai magana ta canja.

Yadda Bango Ke Tsagewa

Hausawan Agege da Iyana Ipaja, fataken goro da na shanu, da mahautan Oko-Oba, da direbobi da 'yan dako, suna neman abincinsu ne a gefen babbar hanyar Ikko zuwa Abeokuta, wadda ba ta rabuwa da cunkoso. Idan mutum ya gamu da mummunan haɗari, ko hanjinsa ya huje saboda taifot, ko haihuwa ta zo wa mace da gardama, a kan fara kai shi Babban Asibitin Orile-Agege ko na Alimosho da ke Igando. In abin ya fi ƙarfin nan, sai a tura shi asibitin koyarwa na Ikeja ko na Idi-Araba.

A can ne za a yi masa duk abin da zai ceci ransa, amma kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa ƙofa ce ga Kandida. Robar da a ke zurawa cikin babbar jijiyar wuya don ba da magani da ƙarin ruwa takan zama gada daga fata zuwa jini. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta masu ƙarfi, in an daɗe ana ba da su, sukan share ƙwayoyin hanji masu amfani, su bar wa Kandida fili, domin ita ba sa taɓa ta. Haka nan aikin tiyata a ciki, da wankin ƙoda, da ciyar da mutum ta jijiya, da ciwon sukari, duk suna ƙara haɗarin. Jariran da a ka haifa bakwaini su ma suna sahun gaba.

Babbar wahalar ita ce gane cutar. Alamarta zazzaɓi ne kawai da ya ƙi sauka, ga shi kuwa a ƙasar nan da an ce zazzaɓi sai hankali ya tafi ga cizon sauro ko taifot. Sai an ɗebi jini an ajiye shi a ɗakin gwaji kwana biyu ko uku kafin ƙwayar ta tsiro, kuma ko da hakan, gwajin kan gano kimanin rabin masu ɗauke da ita ne. Kafin nan tana iya kaiwa ga ido ko ƙoda ko hanta ko zuciya. Binciken da a ka yi a ƙasashe dabam-dabam ya nuna kusan huɗu daga cikin kowane goma da ta shiga jininsu ba sa tashi, kuma kowace rana da a ka yi jinkirin fara magani tana ƙara yawan masu rasuwa.

Makamai Uku

Magungunan da ke hannun likita iri uku ne. Mafi daɗewa shi ne Amphotericin B, wanda a ka samo a cikin shekarun 1950 daga wata ƙwayar halitta da ke cikin ƙasar bakin kogin Orinoco a Benezuwela. Yana da ƙarfi ƙwarai, sai dai yakan sa rawar ɗari da zazzaɓi, ya kuma taɓa ƙoda, saboda haka dole a riƙa auna jinin majiyyaci a kai a kai. Akwai sabon samfurinsa mai sauƙi ga ƙoda, amma tsadarsa ta wuce aljihun talaka.

Na biyu shi ne Fluconazole, wanda ya shiga kasuwa sosai wajen 1990. Yana da araha, ana samunsa a ƙwaya da kuma ruwa, shi ne kuma ya fi yawa a asibitocin Nijeriya. Aibinsa shi ne wasu jinsunan Kandida ba sa jin sa ko kaɗan, wasu kuma sun koyi jure masa.

Na uku shi ne dangin Caspofungin, wanda ya fito a 2001, sai ƙannensa Micafungin da Anidulafungin su ka biyo baya. Waɗannan suna rushe bangon jikin ƙwayar ne, ba sa kuma wahal da ƙoda. A 2016 ƙungiyar likitocin cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka ta ba da shawarar a fara da su ga duk wanda Kandida ta shiga jininsa, in ya sami sauƙi kuma gwaji ya nuna Fluconazole zai yi aiki, sannan a koma kansa. A Nijeriya kuwa samunsu da wuya, ga tsada, alhali yawancin iyalai daga aljihunsu su ke biyan kuɗin magani.

Ko da wane magani a ka fara, ƙa'idar ɗaya ce. A cire robar jijiyar ko a sake ta in da hali, a duba idon majiyyaci, a ci gaba da gwada jini, sannan a ba da magani har kwana 14 bayan ranar da jini ya fita tsab. A nan ne iyalai da dama kan yi kuskure. Da zarar zazzaɓi ya sauka, kuɗin da 'yan'uwa da abokan sana'a su ka tara kuma ya ƙare, sai a matsa a sallami mutum ya tafi Arewa ya ƙarasa jinya a gida. Wanda a ka katse wa magani, cutar na iya komo masa bayan makonni, wani lokaci har da makanta.

Sabuwar Baƙuwa

A 2009 likitoci a Japan su ka gano wani sabon jinsi a kunnen wata majiyyaciya, su ka sa masa suna Candida auris. Cikin 'yan shekaru sai ga shi a Indiya da Afirka ta Kudu da Kenya da Ingila da Amurka, kuma a 2022 masu bincike na Nijeriya su ka ba da rahoton samunsa a jinin marasa lafiya a ƙasar nan. Ya bambanta da sauran ta fuska biyu: yawancinsa ba ya jin Fluconazole, sannan yana iya maƙalewa a gado da tebur da kayan aiki har tsawon makonni, ya tsallaka daga wannan majiyyaci zuwa wancan. A watan Oktoba na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ire-iren waɗannan halittu 19 masu haɗari ga ɗan Adam, ta sa shi da tsohuwar Candida albicans cikin huɗun da ke kan gaba.

Wannan ne dalilin da ya sa ma'aikatan jinya ke hana jama'a cika ɗakin masu ciwo mai tsanani. Dubiya al'ada ce mai kyau, Hausawan Ikko kuma ba a bar su a baya ba wajen zumunci, amma wanda a ka tsayar a ƙofa kada ya ɗauka wulaƙanci ne. Wanda a ka bari ya shiga, ya wanke hannu da shiga da fita, kada ya taɓa roba ko ya zauna a kan gado.

Sauran aikin yana hannun jama'a tun kafin a je asibiti. Sayen kafso barkatai a kemis ko a wurin masu tallar magani cikin motocin haya, da shan Fluconazole duk sanda a ka ji ƙaiƙayi ba tare da ganin likita ba, su ne ke koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai. Mai ciwon sukari ya kula da awonsa. Wanda ya kai ɗan'uwansa asibiti ya gaya wa likita duk magungunan da ya sha a gida, kada ya ɓoye komai. In kuma zazzaɓi ya ƙi sauka bayan kwanaki ana ba da magani, babu laifi mai jinya ya tambayi likita cikin ladabi ko an gwada jinin don neman Kandida.