Yadda Ake Shirya Siliki Kafin A Yi Zane A Kansa

A zangon karatun da ya wuce malaminmu na zane-zane ya ce kowa ya kawo aiki guda wanda zai shiga makin jarrabawa. Yawancin 'yan ajinmu takarda suka zaɓa, ni kuwa na ce a kan siliki zan yi nawa. Mahaifiyata ta ba ni wani tsohon farin ɗankwali nata na siliki, ta ce in kula, ba ta da wani. Na raba shi biyu, na shimfiɗa rabi a kan tebur, na ɗiga tawada. Kafin in ɗaga burushi tawadar ta bazu ta ko'ina, furen da na nufa ya koma taswira. Saura rabi ke nan a hannuna. Wannan hasara ce ta sa na koma wurin malam na nemi ya koya mini tun daga tushe, abin da na koya kuwa shi nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Da farko, mene ne siliki? Zare ne da wata tsutsa mai cin ganyen bishiyar malberi take saƙa gidanta da shi. Mutanen Sin ne suka fara sarrafa shi, su ne kuma suka daɗe suna zane a kansa. A shekarar 1972 masu tonon tarihi suka buɗe wani kabari a Mawangdui, kusa da birnin Changsha, suka sami ƙyallen siliki mai zane wanda ya haura shekara 2,000 da yi, launukansa ba su gushe ba. Mu ma siliki ba baƙo ba ne gare mu. Fatake sun riƙa kawo alharini Kano ta hanyar Sahara, muna kuma da namu zaren tsamiya wanda ake wa manyan riguna aiki da shi.

To, me ya sa tawadata ta bazu? Dalili shi ne zaren siliki yana jan ruwa kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Ga shi kuma ƙyallen da santsi, ba ya tsayawa wuri ɗaya. Saboda haka aiki biyu ne a gaban mai zane: ya ɗame ƙyallen, sa'an nan ya shafe shi da abin da zai rage masa shan ruwa.

Wajen ɗamewa, sai a sami kafinta ya haɗa katako huɗu su zama firam mai ƙwari, ƙyallen kuma ya ɗara ramin firam ɗin ta kowane gefe. A wanke ƙyallen idan tsoho ne, a goge shi da dutsen guga marar zafi sosai. A duba zaren tsaye da na kwance, a tabbata sun bi katakon sambal, don in sun karkace, zanen ma zai karkace. Mutanen Japan sukan liƙa gefen ƙyallen a jikin katako da kunun sitaci. Ana iya amfani da ƙananan ƙusoshi masu faɗin kai. A fara daga tsakiyar gefe guda, a koma tsakiyar gefen da ke fuskantarsa, a riƙa tafiya zuwa kusurwa a hankali. Kada a ja da ƙarfin tsiya, domin siliki yana ƙara ɗamewa da kansa idan ya jiƙe ya bushe.

Sai shafin. Abin da masu zane na Sin da Japan suka gada shi ne gam ɗin da ake dafawa daga fatar dabba, a haɗa shi da alif, wato alam ɗin nan da iyayenmu mata ke jefawa cikin ruwa don laka ta kwanta. Mutanen Japan suna kiran wannan haɗi dosa. Ana jiƙa gam ɗin ya kwana, a narkar da shi a ruwan ɗumi ba tare da ya tafasa ba. Alif kuma a narkar da shi daban, sa'an nan a zuba. Gam shi ke toshe 'yan ƙofofin da ke tsakanin zare, alif kuwa shi ke sa gam ɗin ya ƙanƙame, ruwan fenti ya kasa narkar da shi. Dole gam ya fi alif yawa, gama alif in ya yi yawa yana cin zaren, bayan shekaru ƙyallen ya riƙa karyewa. Haɗin kuma ya zama tsararo kamar ruwan shayi, ba mai kauri ba.

A sami burushi mai faɗi da laushi, a shafa tun haɗin yana da ɗumi, hannu na tafiya ta fuska ɗaya. A ajiye firam ɗin a kwance cikin inuwa, inda ƙura ba za ta sauka ba. In ya bushe a juya a shafa bayan. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Gwajinsa mai sauƙi ne: a ɗiga ruwa a gefe. In ɗigon ya tsaya ya dunƙule, aiki ya yi. In ya nutse, a ƙara shafi.

Kwana uku na yi ina wannan shiri, har abokaina suna mini dariya wai ban zana ko layi ɗaya ba. Amma mai haƙuri shi kan dafa dutse. Ranar da na ɗora burushi hannuna na rawa, sai ga layi ya tsaya cak inda na ajiye shi. Zanen yanzu yana rataye a ɗakin mahaifiyata, rabin da na ɓata kuwa na adana shi cikin akwatina.

Shawarata ga duk mai son gwadawa ita ce ya fara da ɗan guntun ƙyalle da ya roƙo wurin tela, kada ya fara da ɗankwalin mahaifiyarsa. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.