Ciwon Hannu, Ƙafa da Baki: Suna Ɗaya, Ƙwayoyin Cuta Barkatai

A watan Yulin 2012 kafafen yaɗa labarai na duniya suka ɗauki labarin wata baƙuwar cuta a Kambodiya. Tun watan Afrilu ake kai ƙananan yara asibitin Kantha Bopha da ke birnin Phnom Penh, yawancinsu ba su cika shekara uku ba. Zazzaɓi mai zafi, sai yaro ya fita hayyacinsa, sai numfashi ya gagara. Da yawa ba su ko kwana biyu a gadon asibiti ba. Kafin a gano bakin zaren, yara fiye da hamsin sun rasu. Da cibiyar bincike ta Pasteur da ke ƙasar ta duba samfurin da aka ɗauka daga jikinsu, ashe cutar ba baƙuwa ba ce. Ƙwaya ce da masana suka sani tun 1969, mai suna EV71, ɗaya daga cikin masu haddasa ciwon hannu, ƙafa da baki.

Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne, ciwon nan a yadda aka saba ganinsa ba mai kisa ba ne. Ga yadda yake zuwa: yaro ɗan shekara biyu ya wayi gari jikinsa da ɗumi, ya ƙi kunu, ya ƙi nono. An kai masa cokali baki, ya kurɓa, ya fashe da kuka. Yawu na dalala har ya jiƙa gaban riga. Uwa za ta ce haƙori yake yi. Bayan kwana ɗaya ko biyu, in ta haska bakin da fitilar waya, sai ta ga ƙananan gyambuna a harshe da dasashi da cikin kumatu. Ta juya tafin hannunsa, ga ɗigo-ɗigo, wasu sun ɗuri ruwa, 'yan dogaye kamar ƙwayar shinkafa. Haka tafin ƙafa, sau da yawa har da ɗuwawu da gwiwa. A farar fata ja suke fitowa; a tamu fatar sukan yi duhu ko toka-toka, sai an lura. Ba su cika ƙaiƙayi ba. Cikin kwana bakwai zuwa goma komai ya lafa, yaro ya koma ɓarnarsa.

To me ya raba wannan yaron da yaran Kambodiya? Ƙurajen iri ɗaya ne. Ƙwayar da ke ƙarƙashinsu ce ta bambanta.

Sunan ciwon siffarsa kawai ya faɗa, bai faɗi mai haddasa shi ba. An fara bayyana shi a 1957, a Niyu Zilan da birnin Toronto na Kanada, kuma likitocin da suka bi diddigin ɓarkewar da aka yi a Birmingham ta Ingila a 1959 ne suka raɗa masa wannan suna. Masu kawo shi bairas ne, ba bakteriya ba, kuma dangi ne guda da ake kira enterobairas, wato masu zama a hanji. Reshe ɗaya na dangin ana ce masa Koksaki. Sunan wani ƙaramin gari ne a bakin kogin Hudson a jihar New York, inda a 1948 Gilbert Dalldorf ya samu wata sabuwar ƙwaya a kashin yaran da ake zaton shan inna ke damunsu. Shan inna yake nema, sai ya ci karo da 'yar uwarta, don ita ma ƙwayar shan inna enterobairas ce.

Kafin in wuce, akwai ruɗanin da ya kamata a kawar. Mai jin sunan nan zai iya tuno ciwon baki da kofato na shanu da tumaki, wanda makiyaya ke kira boru. Kama da wane ba wane ba ne. Ƙwayoyin suna da dangantaka ta nesa, amma yaro ba ya ɗaukar wannan ciwo daga saniya, kuma ba ya shafa wa akuyar gida.

A cikin dangin, wadda aka daɗe da sani ita ce Koksaki A16. Ita ce mai yawan kawo ciwon da na siffanta, mai zuwa ya wuce. EV71 kuwa, da aka fara ganowa a jikin yara masu ciwon ƙwaƙwalwa a Kalifoniya, halinta daban ne. A 1975 ta ɓarke a Bulgariya, ta shanye wa yara gaɓoɓi har likitoci suka fara zaton shan inna ce, mutum 44 suka mutu. Daga baya sai ta ɓarke da ƙarfi a gabashin Asiya, kuma can ta yi zaune. A 1997 ta kashe yara wajen talatin a jihar Sarawak ta Malesiya. A 1998 Taiwan ta ƙirga masu ciwon 129,106, cikinsu 405 suka yi tsanani, 78 suka rasu, kusan dukkansu 'yan ƙasa da shekara biyar. A bazarar 2008 yara 22 suka mutu a birnin Fuyang na lardin Anhui a ƙasar Sin, abin da ya sa a watan Mayun shekarar gwamnati ta wajabta wa asibitoci kai rahoton duk wanda ya kamu. Wannan doka ce ta nuna wa duniya girman abin: daga 2008 zuwa 2012 an rubuta masu ciwon fiye da miliyan bakwai a Sin kaɗai, an rasa 2,457. A cikin mamatan da aka tantance a ɗakin gwaji, fiye da tara cikin goma EV71 ce.

A duba lissafin nan da kyau, don yana da fuska biyu. Dubu biyu da ɗari huɗu cikin miliyan bakwai ƙasa da mutum ɗaya ne a cikin dubu biyu. Ko yaron da EV71 ta kama, mafi rinjaye warkewa yake yi kamar kowa. Amma idan ciwo na kama yara da miliyoyi, ɗan kason nan ma makabarta guda ne.

Yadda EV71 take kisa shi ne abin da nake so iyaye su fi riƙewa. Ƙwayar tana shiga ta baki, ta hayayyafa a maƙogwaro da hanji, ta bi jini ta fito a fata. A nan A16 takan tsaya. EV71 a jikin wasu yara tana zarcewa zuwa gindin ƙwaƙwalwa, daidai inda ta haɗu da laka, wurin da ke sarrafa numfashi da bugun zuciya. Idan wurin ya kumbura, zuciya ta rikice, huhu ya cika da ruwa, wani lokaci har kumfa mai ja-ja ta fito ta baki. Daga alamar farko zuwa wannan hali, sa'o'i ne kawai. Saboda haka likitocin Asiya suka koya wa iyaye su daina ƙirga ƙuraje, su dubi yaron kansa. Yawan ƙuraje ba shi ne tsanani ba. Akwai yaran da suka rasu da 'yan ɗigo ƙalilan. Alamar da suka fi jan kunne a kai ita ce zabura: yaro na shirin barci ko yana cikinsa, sai jikinsa ya fizga gaba ɗaya kamar an tsorata shi, ya koma, can ya sake. Sai zazzaɓin da ya haura digiri 39 ko ya wuce kwana biyu bai sauka ba, amai a kai a kai, barcin da ya yi nauyi, karkarwar hannu, tangaɗi ga yaron da ya riga ya iya tafiya, hannu ko ƙafa ta saki, numfashi sama-sama, gumi mai sanyi. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a ɗauki yaro a nufi asibiti, ko tsakar dare ne.

A Sarawak an lura ɓarkewar tana dawowa kusan duk bayan shekara uku. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya kamu ya samu garkuwa daga wannan ƙwayar, sai ta rasa wanda za ta kama, har sai an haifi sababbin yara sun taru. Garkuwar kuma ba ta ƙetarawa: wanda ya yi na A16 bana zai iya yin na wata baɗi. Shi ya sa uwa za ta ce, ai ya taɓa yi, kuma ga shi ya sake.

Wannan ne ya iyakance amfanin rigakafi. A ƙarshen 2015 Sin ta amince da allurar EV71 ta farko a duniya, aka fara yi wa yara a 2016, kuma a gwaji ta ba da kariya fiye da kashi 90 cikin ɗari. Mace-mace sun ragu sosai. Amma ba ta hana A16, ba ta hana wata da ta taso daga baya, Koksaki A6. Ita wannan ta ja hankali ne a Finlan a 2008, sannan ta bazu duniya. Ƙurajenta sun fi girma, sun fi yawa, sukan hau hannu da cinya da kewayen baki har a ɗauka ƙarambau ne, kuma tana kama manya. A 2022 aka yi ta yayata wata wai sabuwar cuta a jihar Kerala ta Indiya, "murar tumatir", saboda jajayen ƙuraje masu ruwa. Da aka gwada wasu yaran, tsohon ciwon nan ne aka sake wa suna.

Ina muke a cikin wannan labari? Ba a rubuta wata babbar ɓarkewa mai kisa irin ta Asiya a Afirka ta Yamma ba, amma ƙwayar tana nan. Yaƙin shan inna ya bar mana wata al'ada mai amfani: duk yaron da gaɓarsa ta saki farat ɗaya, ana ɗaukar kashinsa a kai ɗakin gwaji, irin na Ibadan da Maiduguri. Ta irin wannan hanya ce cibiyar Pasteur ta Dakar ta samu EV71 a samfurin yara daga Nijar, Senegal, Gini da Muritaniya. A ganina, ciwon hannu, ƙafa da baki yana wucewa ta gidajenmu da sunan haƙori, ko ƙarambau, ko zafi, ba tare da kowa ya ƙirga shi ba.

Yana yaɗuwa ta yawu, majina, ruwan ƙurji, da kashi. Daga kamuwa zuwa fitowar alama kwana uku ne zuwa shida. Makon farko ya fi haɗari ga sauran yara, sai dai ƙwayar kan ci gaba da fita a kashi har makonni bayan yaro ya warke, kuma babba zai iya ɗauke da ita ba tare da ya ji komai ba. A tuna ajin 'yan nazare, ko tsakar gidan da yara goma ke shan ruwa da moɗa ɗaya, ko fo ɗaya da ake yi wa ƙanana uku. Wani abin lura: ruwan goge hannu mai sinadarin barasa, wanda annobar korona ta saba mana da shi, ba ya cin wannan ƙwaya sosai, don ba ta da rigar kitse irin ta korona da sinadarin ke narkarwa. Sabulu da ruwa ne aikin, musamman bayan an yi wa yaro tsarki ko an canza masa kunzugu, sai ruwan bilic da aka sirka don goge fo da kayan wasa.

Babu maganin da ke kashe ƙwayar. Wanda ya je kemis aka haɗa masa maganin bakteriya, ya yi asarar kuɗi, ya kuma ɗora wa cikin yaro nauyi. Allurar sitiroyid ta fi wannan muni: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce da yawa daga yaran Kambodiya an ba su ita, kuma an san tana ƙara tsananta ciwon EV71. Farasitamol daidai nauyin yaro ya isa don zazzaɓi da raɗaɗi. Ba a ba yaro asfirin. Haɗarin da ya fi kusa da yawancin yara shi ne bushewar jiki, tunda bakin na zafi ba sa son sha. A ci gaba da shayarwa, a ba da ruwa mai sanyi kaɗan-kaɗan, ruwan gishiri da sukari, kunu da ya huce, kindirmo. Lemo mai tsami da yaji su jira. Idan yaro ya wuni bai yi fitsari ba, ko yana kuka ba hawaye, asibiti. Kada a fasa ƙurajen, kada a goge bakin da tsumma.

Akwai abu ɗaya da kan biyo baya, musamman bayan A6, wanda ke tayar wa iyaye hankali don lokacin sun manta da ciwon. Wata ɗaya ko biyu da warkewa, farcen yaro ya fara ɗagowa daga gindi, na hannu ko na ƙafa, har ya fita. Ciwon ne ya dakatar da tsiron farcen na 'yan kwanaki. Ba ya zafi, ba ya buƙatar magani, kuma in an duba ƙarƙashi za a ga sabo ya riga ya fara fitowa.