KWANA UKU A KOFENHAGEN: MUN JE KALLO, MUN TARAR DA SUNAN GIDA

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, shi ya sa muka ga bai kamata mu riƙe abin da muka gano a Kofenhagen, babban birnin ƙasar Danmak, mu kaɗai ba. Kwana uku tak muka samu a can, kuma a tsakiyar watan Disamba, watau lokacin da sanyi ya yi tsanani.

Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne ƙarancin hasken rana. A nan Akra mun saba rana ta fito wajen ƙarfe 6 na safe ta faɗi wajen ƙarfe 6 na yamma, rani da damina. A can kuwa ba ta leƙowa sai bayan ƙarfe 8 da rabi, kafin ƙarfe 4 na yamma kuma ta faɗi. Ke nan awa 7 ke hannun baƙo, ba ƙari. Azahar da la'asar da magariba duk suna shigowa a cikin awa huɗu, saboda haka wanda ya tsaya jan ƙafa sai ya rasa kallon ya rasa lokacin salla. Sanyin kuwa bai yi kama da hunturunmu ba. Namu busasshe ne, nasu jiƙaƙƙe, ga iska mai tasowa daga teku tana ratsa riga har ƙashi.

Ranar farko muka bi sahun sauran baƙi. Muka soma da Nyhavn, wata tsohuwar tashar jiragen ruwa da aka haƙa a shekarun 1670, inda gidaje masu launi iri-iri suke jere a bakin ruwa. A wannan unguwa ne marubucin tatsuniyoyin nan Hans Christian Andersen ya zauna shekara da shekaru. Daga nan muka miƙa bakin teku don ganin mutum-mutumin 'Yar Ruwa, wadda mutanenmu za su kira Mami Wata, wadda aka kafa a 1913 saboda wata tatsuniyarsa. To, gani ya kori ji. Tsawonta bai wuce mita 1.25 ba, tana zaune a kan dutse kamar yarinyar da aka aika ta manta saƙon. Sau biyu ɓata-gari suka sare mata kai, a 1964 da 1998, aka kuwa gyara. Muka ɗauki hoto da yatsu a sandare, muka juya.

Abin da ya fi burge mu a wannan rana shi ne Zagayayyar Hasumiya, wadda Sarki Kirista na Huɗu ya gina don duban taurari, aka gama ta a 1642. Maimakon matakala, hanya ce shimfiɗaɗɗiya mai nannaɗewa sau bakwai da rabi har kusa da ƙololuwa, mai faɗin da doki zai bi. Sarkin Rasha Bitrus Mai Girma ya hau ta a kan doki a 1716. Mu dai da ƙafa muka hau, muna haki.

Kashegari ne tafiyar ta zama wani abu daban. Muna duba taswira sai idonmu ya faɗa kan wani suna da muka sani tun muna makarantar firamare: Christiansborg. Ashe sunan babbar fadar da ke tsakiyar birnin ke nan, inda majalisar dokokin Danmak da ofishin firayim minista da kotun ƙoli suke a ƙarƙashin rufi guda. Gobara ta cinye ta har sau biyu, a 1794 da 1884, ginin da ke tsaye yanzu kuwa an kammala shi a 1928. Hasumiyarta ta kai mita 106, kuma ana hawa ba a biyan ko fesewa.

Duk wanda ya tashi a Nima ko Mamobi ko Sabon Zango ya san akwai wani Christiansborg a Osu, farin ginin nan da ke bakin teku. Mutanen Danmak ne suka kafa shi a wajen 1661, don cinikin zinariya da farko, daga baya cinikin bayi ya rinjaya. A 1693 wani ɗan kasuwa na Akwamu mai suna Asameni ya shiga da mutanensa da sunan ciniki, suka ƙwace ginin. Bayan kamar shekara guda ya sayar musu da abinsu, amma ya riƙe makullan, waɗanda har yanzu suna cikin kayan sarautar Akwamu. A 1850 Danmak ta sayar wa Ingila da dukkan gine-ginenta na wannan gaɓar teku a kan fam 10,000. Daga bisani ginin ya zama fadar gwamnatin Gana, har zuwa 2013.

Masana tarihi sun ƙiyasta cewa jiragen Danmak sun kwashi 'yan Afirka kimanin 100,000 zuwa hayin tekun Atlantika, da yawansu zuwa gonakin rake a wasu tsibirai uku na Karebiyan, waɗanda Danmak ta sayar wa Amurka a 1917. Gaskiya ne ita ce ta riga sauran ƙasashen Turai kafa dokar hana fataucin bayi, a 1792, amma dokar ba ta fara aiki ba sai 1803, kuma bautar kanta ba ta ƙare a tsibiran ba sai 1848, bayan bayin sun yi bore.

Da muka san haka sai muka sake bin hanyar da muka bi jiya. Tsakanin Nyhavn da 'Yar Ruwa akwai wani ƙaton sito na jan bulo, wanda aka gina a wajen 1780 don ajiye kayan da ake kawowa daga waɗancan tsibirai. Jiya mun wuce shi ko waiwaye ba mu yi ba, don hankalinmu yana kan hoto. Yau muka tsaya a gabansa har magariba ta riske mu. Gumin waɗanda aka fitar ta ƙofar Osu, ashe nan ya ƙare.

Ba muna faɗin wannan don ɓata wa kowa yawo ba ne. Birnin yana da tsabta da tsari, mutanensa sun karɓe mu da mutunci, kuma da dare muka shiga lambun shaƙatawa na Tivoli, wanda aka buɗe tun 1843, muka sha kallon fitilu. Amma ga shawararmu ga ɗan'uwan da Allah ya nufa da zuwa. Ya tanadi riga mai kauri da safar hannu da takalmi mai hana ruwa. Ya tuna kuɗinsu kurona ne, ba yuro ba. Ya yi kallon waje da rana, ya bar gidajen tarihi sai duhu ya yi. Ya kula da hanyar masu keke, don ba su tsayawa. Sa'an nan, kafin ya nemi biza, ya fara kai ziyara Osu tare da 'ya'yansa, don wanda bai san ƙofar da aka fita ba, ba zai gane siton da aka sauke kaya ba.

Allah ya kai mu wata mai zuwa lafiya.