IN MOTA TA ƘI TASHI, KADA A YI GAGGAWAR SAYEN BATIR

Sau da yawa mu kan ga malami ko akawu ya murɗa mabuɗin mota da sassafe ta ƙi tashi, nan da nan ya aika a sayo sabon batir, alhali kuwa tsohon lafiyarsa lau. Albashi ba ya jure irin wannan hasara. Saboda haka mu ke ba da shawara a bi abin daki-daki.

Da fari a kunna fitilun gaba, sa'an nan a murɗa mabuɗi. In hasken ya dushe, ko aka ji ƙas-ƙas kurum, to, wuta ce ba ta isa kik sosai. Sai a dubi kawunan batir biyu. Galibi a kan tarar farin gari ya taru a kansu, ko wayar ta yi sako-sako. A fara kwance baƙar waya, a wanke kawunan da ruwan kanwa, gama ita ke kashe kaifin asid. A goge, a ɗaure tam, baƙar ta zama ta ƙarshe. A kiyaye ido, kada kuma a kusato da taba ko ashana.

In kuwa fitilu sun tsaya da haskensu, laifin ba na batir ba ne, sai a nemi fis ɗin da ya ƙone, ko bakanike ya duba kik.

Cikakken batir ya kan nuna bolt 12.6 a ma'auni, in inji yana aiki kuwa wajen 14. In bai haura ba, alteneta ko bel ɗinta ne ba su caji, ko an sa sabon batir ma mutuwa zai yi.